Hulunan Sanyin da Na Saƙa a Ɓoye

Ƙawata ta rasu ne da damina, ranar wata Lahadi, a banɗakin gidansu da ke Jos Jarawa. Farfaɗiya ce ta kama ta tana wanka, ta faɗi kanta ya bugu da siminti. Kafin a ɓalle ƙofa rai ya yi halinsa. Ni ban ji ba sai Litinin da safe, da na isa wurin aiki na tarar da injuna duk a lulluɓe, mata sun yi jugum.

Wurin aikin namu ɗan kamfani ne a Tudun Wada, inda ake saƙa suwaitar 'yan makaranta. Wanda ya san sanyin Jos ya san ba ma rasa ciniki. Mai wurin Madam muke ce mata, Ibo ce, aure ya kawo ta garin. Hausarta irin ta kasuwa ce, kowa "kai" ne a wurinta, mace ko namiji. Ni kuma Hajiya take kira na, alhali ban taɓa zuwa Makka ba. Na sha gaya mata ta daina, don ina tsoron kada amsawar da nake yi ta zama ƙarya, amma ba ta daina ba.

Aikina guga ne da ɗinka bajon makaranta a ƙirjin suwaita. Karatuna a firamare ya tsaya, saboda haka duk abin da ya shafi biro da takarda ba na zuwa kusa da shi. Ƙawata tana kan injin saƙa na jikin teburina. Shekara da shekaru muna zaune kafaɗa da kafaɗa, ita Kirista, ni Musulma. Da rana ta buɗe kular gwatenta, ni in buɗe ta masa ko ɗanwake, mu haɗa mu ci. Sauran mata ba sa sa hannu a kwanonta, wai ana ɗaukar ciwon ta yawu. Ni sai da na tambayi wata nas a asibiti, ta ce ba a ɗauka. Na koma na sake tambayar wata daban, ko ta farkon ta yi kuskure. Da na ba ƙawata labari ta yi ta dariya har da buga cinya.

"'Yar Gangare," in ji ta, haka take kira na don a unguwar Gangare nake zaune, "ke ko ruwan sama sai kin tambayo ko ya halatta ya jiƙa ki."

In ciwon zai zo nakan gane. Sai ta yi shiru a tsakiyar magana, ta riƙa murza babban yatsanta. Nan da nan in ture almakashi da dutsen guga, in kwantar da ita a gefe ɗaya, in cusa suwaita a ƙarƙashin kanta. Wani lokaci fitsari yakan kufce mata, sai in cire mayafina in rufe ta kafin kowa ya gani. In ta farfaɗo, tambayarta ɗaya ce kullum: "Na yi abin kunya?" In ce ba ta yi ba.

Duk da haka ban taɓa zuwa gidansu ba, ita ma ba ta taɓa zuwa namu ba. Tun rikice-rikicen da aka yi a garin nan kowa ya san inda ƙafarsa take tsayawa. Maigidana bai hana ni ba, ni ce dai in na shirya sai in fara tunanin in wani abu ya tashi ina can, ta ina zan bi. Takan ce, "Ke ko kaza ta yi tari sai ki ce an fara." Ranar jana'izarta na bi motar ma'aikata na je, amma na tsaya a gindin wata bishiya a wajen coci, ina ta shawara da zuciyata ko in shiga ko kada in shiga, har aka fito. Na bi layi na yi wa mahaifiyarta gaisuwa kamar kowa. Kanta a sunkuye yake, ba ta ɗago ba.

Bayan 'yan makonni Madam ta tara mu. Ta ce sakatariya na da magana.

Sakatariyar nan yarinya ce a kanmu, ta zo wurin ne bayanmu da daɗewa. Tana da difloma, tana da dogayen farata, waya ba ta barin hannunta. Ofishinta yana can ciki, da ƙofar gilashi. Ban taɓa ganin ta durƙusa a ƙasa lokacin da ciwon ya kayar da ƙawata ba. Ta miƙe ta ce ta samu labari marigayiya takan raba ƙwayar maganinta biyu don ya kai ta ƙarshen wata, saboda tsada. Ta ce akwai masu farfaɗiya da yawa a garin nan da ke cikin wannan hali. Shawararta ita ce mu saƙa hulunan sanyi da mayafan wuya da zare ruwan malmo, wai shi ne launin da masu wannan ciwo suka ɗauka a duniya, a yi taro a harabar kamfani, a gayyato shugabannin makarantun da muke wa aiki, a sayar, a kai abin da aka samu asibiti a saya wa marasa ƙarfi magani da sunan marigayiya.

Shawara ce mai kyau. Na san mai kyau ce tun tana faɗa, shi ya sa ta ƙona mini rai. Ni ban san tana raba ƙwaya ba. Ni da nake cin abinci da ita kullum. A ina wannan yarinya ta ji?

Sai ta ƙara da cewa, da Turanci sannan da Hausa, "Babbar ƙawata ce. Ba ni da kamarta a wurin nan." Ta share ido da gefen yatsa don kada kwalli ya ɓaci.

Na duba mata ko wata za ta juyo ta kalle ni. Ba wadda ta juyo. Tafa mata suka yi.

Da na koma Gangare wata damuwar ta taso mini. Abin da za a yi da sunan Kirista ne, ko ya halatta in sa hannu? Ranar Asabar bayan an tashi Islamiyya na tsaya na tambayi malamarmu. Tana naɗe tabarma ta ce, "Ba magani za a saya wa marasa lafiya ba? To ina matsalar? Ki yi, Allah ya ba da lada." Har na juya sai ta ƙara, kamar wadda ta tuna wani abu, "Ki dai kiyayi riya. Irin tarukan nan na lasifika, a kira sunan mutum a tafa masa, ladan a nan yake ƙarewa. Wadda aka yi a ɓoye ta fi."

Ita ta faɗa ta wuce abinta. Ni kuwa maganar ta zauna mini a ƙirji. Na auna zuciyata na ga babu abin da nake so kamar a kira sunana a gaban mahaifiyar ƙawata, a ce ga wadda ta riƙe 'yarki. To ashe riyar ke nan tun ban fara ba.

Litinin na sami Madam a ofis, na rufe ƙofa.

"Madam, ina roƙon alfarma. Ranar taron nan kada a kira sunana. Ko me na kawo, kada a ce ni ce. Ko wa ya tambaya."

Ta cire tabarau ta dube ni. "Hajiya, kai kam! Wane irin magana ke nan? Kai ne fa abokin shi na ɗaya."

Na yi mata bayanin sadakar ɓoye, wadda hannun hagu ba ya sanin abin da na dama ya bayar. Ta ce su ma akwai haka a littafinsu, amma ba ta taɓa ganin wanda ya ɗauke shi da zafi haka ba. Na ce ta dai yi mini alkawari. Ta ɗaga hannu sama ta ce ta yi.

Sauran mata a kan inji suke nasu, a lokacin aiki, ana hira ana ɗaukar hoto. Ni a gida nake nawa da kwarashi, bayan la'asar, a tsakar gida. Na sayi zaren da kaina a wani shago da ba a san ni ba. Na yi irin saƙar da ƙawata take so, mai kitso-kitso a baki. In ido ɗaya ya karkace sai in warware layin gaba ɗaya. Da safe in riga kowa zuwa, in cusa su a ƙasan kwandon da ake tarawa.

Wata rana sakatariya ta juye kwandon a kan teburina, a gabana, ta ɗago ɗaya daga cikin nawa.

"Kai! Wa ya yi wannan? Wannan ai ba aikin inji ba ne."

Na ci gaba da guga. Wata mai yankan zare ta ce wa sakatariya, "Ke ce mana, kina wani ɓoyewa. Wa ya damu da marigayiya kamar ke?"

"Ni? Da faratan nan?" Ta yi dariya ta ce ba ita ba ce. Ta faɗa sau ɗaya, a hankali, sannan ta ɗora hular a kanta ta ɗauki hoto. A ganina wanda ake ba abin da ba nasa ba ya kamata ya musa da ƙarfi, har sai an yarda. Ranar na ƙona hannun wata suwaita, abin da na daɗe ban yi ba.

Na yi ta istigfari a cikin keke a hanyar gida. In na ce a raina yarinyar nan ba ta yi mini komai ba, sai wata zuciyar ta ce, to me ya sa hoton da aka buga a ƙyallen taro nasu ne su biyu, ita da ƙawata, kunci a jikin kunci? Yaushe aka ɗauke shi? A wane wuri? Bayansu akwai labule mai furanni, kuma babu irinsa a kamfani.

Ranar taro aka kafa rumfuna, aka jera fararen kujerun roba. Shugabannin makarantu sun zo, da masu sayar mana da zare, da wata nas da ta yi bayani a kan ciwon, ta ce a daina cusa cokali a bakin mai farfaɗiya, a daina gudunsa. Na ga masu gudun suna gyaɗa kai kamar da ma sun sani. Mai gabatarwa wani ɗan cocinsu Madam ne, mai barkwanci. Duk wanda ya sayi hula sai ya kira sunansa ya ja shi, ya sa a tafa masa. Ya kira ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, kowace ta miƙe ta ɗaga hannu. Madam ta cika alkawari. An tsallake ni kamar ba a taɓa yin ni ba.

Ni na zaɓi rabon zoɓo, don in sami abin yi da hannuna. Hulunana su aka fara wawashewa. Wata shugabar makaranta ta riƙe ɗaya tana cewa wannan hannun ya iya, sakatariya na gefenta tana murmushi tana sa mata a leda.

Mahaifiyar ƙawata tana layin gaba. Tsohuwa ce 'yar siririya, da zane da riga iri ɗaya, ta ɗaura ɗankwali har goshi. Sakatariya ce ta taro ta daga bakin ƙofa, ita ta zaunar da ita, ita ke gyara mata mayafin wuya. Da aka ba sakatariya lasifika ta yi magana har muryarta ta sarƙe, tsohuwar ta miƙe ta rungume ta. Mutane suka ce, "Ayya." Ina tsaye da farantin zoɓo.

Sai aka miƙa wa tsohuwar lasifika. Ta yi godiya a taƙaice. Sannan ta ce, "Akwai wata da 'yata take yawan faɗa. Ba ta taɓa gaya mini sunanta ba, 'yar Gangare kawai take cewa. Ta ce in ta faɗi ita ke rufa mata asiri. Tana nan? Ina so in ga fuskarta."

Mata suka fara waige. Tsakanina da ita bai fi tsawon tabarma ba.

Madam ta karɓi lasifika. Ta kalle ni ido cikin ido, ta jira. Da na ɗaga kai kaɗan da shi ke nan. Amma a wannan ɗan lokacin lissafi nake yi: in na fito yanzu, a gaban lasifika, a gaban masu tafi, duk abin da na ɓoye ya tashi a banza ke nan? Ko tunda ita ta nema ba riya ba ce? Ko daɗin da zan ji shi ne riyar? Ban gama ba Madam ta gaji da jira.

"Mama," ta ce, "wannan mutum ya roƙe ni kada a nuna shi. Na yi alkawari. Ka yi haƙuri."

Tsohuwar ta ce, "To." Ta zauna. Mai gabatarwa ya ce a tafa wa wadda ba ta son a gan ta, aka tafa, aka yi dariya, aka wuce. Da aka tashi na ga sakatariya ta tare keke, ta riƙe hannun tsohuwar ta shigar da ita, ta shiga gefenta. Na tsaya ina wanke kofuna har harabar ta watse.

Lahadi ban iya cin abinci ba. Maigidana ya ce, "Ke kika ce kada a faɗa, an bi maganarki, kuma kina fushi. To da wa?" Na ce ba fushi nake ba. Ya ce to Allah ya kyauta.

Litinin ina guga sakatariya ta zo ta jingina da teburina.

"Anti, kin ba ni kunya. Tsohuwa na neman ki kina tsaye da zoɓo kamar gunki."

"Wa ya ce miki ni ce?"

"Haba Anti. Mutum nawa ne 'yan Gangare a nan? Kowa ya sani, tsoron Madam ya hana su magana. Hulunan ma na sani, zaren yana maƙale a hijabinki kullum." Ta ce Madam ce ta yi alkawari, ita ba ta yi ba, don haka ta riga ta gaya wa Mama a cikin keke. "Ta ce in kawo ki ranar Asabar. Babu lasifika, babu tafi. Ko shi ma sai kin tambayo?"

Na so in ce ba sai ta kai ni ba. Amma ban san gidan ba.

Asabar muka haɗu a bakin titi muka hau keke. Ita ke gaya wa mai keke inda zai bi. Muka sauka muka shiga wani lungu mai duwatsu, ta tura wata ƙofar langa-langa ba tare da ta ƙwanƙwasa ba. Kare ya taso, ta kira shi da suna ya kwanta. A falo na ga labulen nan mai furanni. Ta wuce kicin kai tsaye ta ɗauko kofuna, ba ta tambayi inda suke ba.

Tsohuwar ta kama hannuna biyu ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Ashe ke ce mai zoɓo." Ta zaunar da ni kusa da ita. A cikin hira na ji abin da ban sani ba. Duk Lahadi bayan coci sakatariya a gidan take yini. Ita ke raka ƙawata asibiti. Ita ta gano zancen raba ƙwaya, suka yi faɗa a kai har suka yi kwanaki ba sa magana. Ranar da abin ya faru ma ita ta kira maƙwabta aka ɓalle ƙofar. Ba ƙarya ta yi ba a gaban lasifika. Na zauna ina jin wannan, shayi na hucewa a hannuna. Shekarun nan duka ƙawata ba ta taɓa ce mini ga wadda take yini da ita ranar Lahadi ba. Na fi son a ce yarinyar maƙaryaciya ce.

Can tsohuwar ta ce, "'Yata, je ki duba mini wake a wuta." Sakatariya ta tashi. Ita take kira 'yata. Ni tun da na shigo Hajiya take ce mini, kuma ban iya gyara mata ba.

Da muka rage mu biyu ta matso ta rage murya. Ta ce 'yarta ba ta taɓa yarda ta gaya mata yadda abin yake ba in ya same ta a wurin aiki. In ta tambaya sai ta ce lafiya lau. "Ke kin gani. Ana yi mata dariya? Tana daɗewa a ƙasa?"

Na gaya mata. Na gaya mata yadda take murza yatsa, da yadda nake kwantar da ita, da cewa ba ta daɗewa, kuma ba a taɓa yi mata dariya a gabana ba. Na tsaya a nan na sake dubawa a raina ko gaskiya na faɗa, na ga gaskiya ce. Na ce in ta tashi takan sha ruwa ta koma kan injinta, kuma kafin a tashi aiki sai ta tsokane ni. Tsohuwar ta yi kuka, ba mai ƙara ba, tana riƙe da gefen hijabina. Daga kicin ina jin sakatariya tana buga murfin tukunya, tana waƙar coci ƙasa-ƙasa, kamar a gidan ubanta.

Da za mu tafi tsohuwar ta rako mu bakin ƙofa. Ta ce in riƙa zuwa, akwai sauran abin da take so ta ji. Sakatariya ta ce, "Kada ki damu Mama, duk ranar da ta shirya zan kawo ta." Ta yi gaba don ta tare mana keke.

Na bari ta yi nisa. Unguwar har yanzu baƙuwa ce a wurina, kuma na riga na fara tunanin ta ina zan bi in wani abu ya tashi. Na juyo na ce, "Mama, in ni kaɗai ce, me zan ce wa mai keke? A ina zan sauka?"

Ta nuna mini da hannu, ta ce in ce a sauke ni wajen mai injin niƙa, in bi ta bayan shagon mai gyaran takalmi, ƙofa ta biyu. Na maimaita mata, ta ce haka ne. Na sake maimaitawa. Sakatariya na can bakin titi tana ɗaga mini hannu wai in yi sauri, ni kuwa na tsaya ina tambayar Mama wace rana ce ba ta da baƙi.